Baƙin da Suka Zo Ƙasar Duwatsu: Daga Matsirga Zuwa Nok

Kafin ka ga Matsirga, jin ta kake fara yi. In ka bar kwalta a wajen Madakiya, 'yar tafiya kaɗan daga Kafanchan, ka bi turba tsakanin gonakin masara da doya, sai wani gunji ya riƙa tasowa daga ƙasa kamar tirela tana hawan tudu, amma ta ƙi isowa. Ranar da na fara zuwa cikin watan Agusta ne, sama ta kwana biyu tana zuba. Yaron da ya yi mini jagora ya tsaya a bakin gangare, ya tuɓe silifas ya riƙe a hannu, ya ce, “Malam, kai ma cire naka. Dutsen nan ba ya shiri da takalmi.” Na cire. Muka gangara a tsugune, hannu ɗaya a ƙasa, har muka fito fili. Ga kogi nan ya iso bakin dutse, ya rabu gida-gida, ya tsirgo daga tsayin da ya kusa mita 30, jawur da laka, feshinsa ya jiƙa mini riga tun ban matsa ba. A bayan ruwan akwai wani kogo da mutum zai tsaya ya kalli duniya ta cikin labulen ruwa. Bahaushe ba ya neman tafinta kafin ya gane sunan wurin, don abin da ruwan ke yi kenan: tsirgowa.

Ban da mu biyu, babu kowa sai wata mata da ke wanki can sama. Ba mai tsire, ba mai hoto, ba mai karɓar kuɗin shiga. Wannan rashin kowa shi ya bi ni har masauki. Ƙasar nan ba ta taɓa rasa baƙi ba, tun zamanin da ake tafiya a kan jaki. Sai dai kusan kowane baƙo da buhunsa ya zo: wani na bayi, wani na kuza, wani na citta, wani na kayan da kakannin kakanni suka binne. Wanda ya zo don ya kalla kawai ya koma gida, shi ne baƙon da ta fi ƙarancin gani.

Ruwan da kansa yana da dalili. Tsaunukan Filato suna ƙarewa a nan ta kudu maso yamma, su tsaya kamar katanga. Iskar damina da ke tasowa daga teku takan yi karo da katangar, ta hau, ta sauke abin da ta ɗauko. Shi ya sa ruwan da ke sauka a Kagoro da kewayenta a shekara yakan kai milimita 1,500 ko ya haura, abin da ya kusa ninka na Kano. Mutumin Katsina in ya sauka a nan cikin damina sai ya ɗauka ya ƙetare Binuwai: ga kwakwar manja, ga bishiyar atili doguwa sambal, ga kurmin Nindam mai duhu da rana tsaka, inda masu nazarin tsuntsaye suka samu irin waɗanda aka saba gani a dazuzzukan kudu kaɗai. Bisa duk wannan kuma Dutsen Kagoro ya miƙe, sama da mita 1,200 daga doron teku, da safe hazo ya naɗa masa rawani.

Baƙo yakan ɗaga kai ya ce masha Allah. Ɗan ƙasa in ya ɗaga kai, wani abu dabam yake gani. Ba don shan iska kakanninsa suka hau can suka zauna ba, suna ɗaukar ruwa a ka, suna noman acca a 'yan filayen da ke tsakanin duwatsu, suna kewaye gidajensu da shingen ƙyarana mai ƙaya da guba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi. Abin da ya koro su kuwa doki ne, da wanda ke kansa.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma ni da nake rubutu da Hausa ban ga amfanin kewaye-kewaye ba. Wajen 1810, cikin guguwar jihadi, wani malami mai suna Usman ya tara Fulanin da ke kiwo a wannan yanki ya kafa abin da aka kira Jama'ar Darroro, wadda ta zama masarautar Jama'a, tana bin Zazzau. Cikin gaisuwar da ake kai wa Zariya duk shekara har da bayi, kuma ba daga sama ake samo su ba. Da kaka ta yi, ciyawa ta bushe, hanya ta buɗe wa dawaki, sai hari ya fara. Wasu garuruwan suka ɗauki amana suna biyan haraji don a bar su. Wasu suka ƙi, suka haye dutse, inda kofato ba ya da amfani kuma kibiya ke saukowa daga inda ba a gani. Mutanen Kagoro na cikin waɗanda ba a taɓa cin su ba. Har Turawa da suka zo suna raba ƙasa ga sarakuna, dole suka bar Kagoro da Moro'a da Jaba a matsayin gundumomi masu cin gashin kansu, ba ƙarƙashin wani sarkin yanka ba.

Amma ba yaƙi kaɗai ke haɗa mutane ba, kuma wanda ya ce haka ya rage tarihi. Fatake suna ratsa ƙasar da jakunansu, suna kawo kanwa da gishiri da tufafi, suna yada zango. Sunan Zangon Katab kansa shaida ne. Ta wannan hanya ce Baturen farko da ya bar mana labarin yankin ya biyo. Richard Lander bara ne ga Kyaftin Hugh Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato cikin Afrilun 1827. Da ya binne maigidansa, sai ya koma Kano, daga nan ya yanke shawarar yin kudu ya nemi inda Kwara ta nufa. Ya sauka a ƙasar Katab, ya yi mamakin yawan ƙauyukanta da ke jere kusa da juna cikin fili mai albarka, da kasuwancin da ake yi. Ya ci gaba har Darroro. A nan ne mahayan Sarkin Zazzau suka cim masa, suka juya shi zuwa Zariya. Sai a 1830 ya dawo tare da ƙanensa John suka bi Kwara har teku. Ni dai nakan ɗauki Lander a matsayin ɗan yawon buɗe ido na farko a Kudancin Kaduna, kuma abin lura ne cewa tafiyar tasa a hannun masu makami ta ƙare.

A nan ya kamata in tsaya kan sunaye, don baƙon da zai je can gara ya sani tun daga gida. Yawancin sunayen da muka saba kira, mu muka laƙaba su, Turawa suka ɗauka daga bakinmu suka sa a takarda. Waɗanda muke ce wa Katab, Atyap suke kiran kansu. Kaje su ne Bajju, Jaba su ne Ham, Kagoro su ne Agworok, Moro'a su ne Asholio, Kagoma su ne Gwong, Kadara su ne Adara. Kafanchan ɗin ma daga sunan masu ƙasar ne, Fantswam. Akwai kuma wata kalma da kakanninmu ke yi wa duk mutanen dutse jam'u da ita, wadda ba sai na rubuta ba. Duk wanda ya furta ta a kasuwar Kafanchan yau zai ga yadda fuska ke canjawa. Ba tsada ba ne ka kira mutum da sunan da uwarsa ta san shi da shi.

Turawan mulki sun fara kai wa Kagoro farmaki tun 1905, kuma ba sau ɗaya suka je ba. Bindiga mai ruwa ta yi abin da doki ya kasa. Cikin jami'an da suka yi aiki a Jama'a a waɗannan shekaru akwai A. J. N. Tremearne, wanda masu nazarin Hausa suka sani da tattara tatsuniyoyi da al'adunmu. A 1912 ya fitar da littafi kan mutanen wannan yanki, sunan littafin kaɗai ya isa zagi, don ya kira su mafarautan kawuna masu wutsiya. Wutsiyar da yake nufi wani ado ne na saƙa da matan aure ke ɗaurawa a baya, alamar cewa mace tana da miji. Haka aka fara tallar wannan ƙasa ga duniya: wurin da za a je a ga abin al'ajabi a yi dariya.

'Yan mishan na SIM suka biyo baya. Sun kafa tasha a Kwoi a 1910, suka iso Kagoro a ƙarshen shekarun 1920, inda makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da suka buɗe a 1931 take nan har yau a hannun ECWA. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da Hausa suka yi aikinsu. Harsunan yankin sun yi musu yawa, sai suka ɗauki na kasuwa, musamman bayan an kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932. Ke nan harshen da mutanen dutse suka ƙi karɓa daga bakin mai doki, sun karɓe shi daga bakin fasto. Ka tsaya kusa da coci a Kagoro ranar Lahadi, za ka ji Hausa garau tana tashi da ganga da kacau-kacau. Daga hannun 'yan mishan ɗin nan Gwamna Awan ya fito, wanda ya hau sarautar Kagoro a 1945 ya riƙe ta har rasuwarsa a 2008, shekara 63 cur.

Sai dogo ya zo, shi ne kuwa ya haifi garin Kafanchan da muka sani. Turawa suna da gawayin kwal a Inugu, suna da kuza a Jos, suna da tashar jiragen ruwa a Fatakwal, suna neman igiyar da za ta ɗaure ukun. Layin gabas ya taso daga Fatakwal, ya ratsa Inugu da Makurɗi, ya hauro ya haɗu da na Kaduna, sannan a 1927 aka fitar da reshe daga Kafanchan ya hau tsauni zuwa Jos. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, a kan jirgin fito ake ɗora taragu a ƙetare da su Binuwai. Daga baya, tsakanin 1958 da 1964, aka ja layin ta Bauchi da Gombe har Maiduguri. Duk wanda zai je ɗaya daga cikin waɗannan wurare daga gabas ko daga Kaduna, sai ya taka mararrabar Kafanchan.

Gari ya tashi kamar naman kaza bayan ruwa. Inyamurai direbobi da akawuna da makanikai, Yarabawa 'yan kasuwa da teloli, Hausawa mahauta da dillalai da masu goro, Tibi da Idoma, kowa da unguwarsa, kowa da abincinsa a bakin tasha. A 1933 Sarkin Jama'a ya bar tsohon garinsa ya dawo Kafanchan da fadarsa, kusa da dogo da ofishin Bature. Ga mai mulki wannan dabara ce. Ga Fantswam da Kaninkon da sauran waɗanda aka kafa garin a gonakinsu kuwa, wani ƙulli ne da aka ɗaura wanda jikoki za su zo su sha wahalar kwancewa.

Na taɓa zama a inuwar tsohuwar tashar da wani dattijo da ya yi aikin loko tun yana saurayi. Ciyawa ta fito tsakanin ƙarafan dogo, awaki suna kwance a ƙarƙashin wani tarago da tsatsa ta cinye. Na ce, “Baba, yaya wurin nan yake a da?” Ya daɗe bai amsa ba. Can ya nuna dandamalin da sandarsa ya ce, “Ɗana, in jirgin Fatakwal da na Jos suka haɗu da dare, ba ka samun inda za ka sa ƙafa. Mai ƙosai ba ta kashe wuta sai asuba. Mu da ƙarar jirgi muke sanin lokacin salla.” Ya ce a 1966 ya ga jiragen da suka kwashe abokan aikinsa zuwa gabas, wasu ko sallama ba su yi ba, kuma garin bai sake komawa yadda yake ba. Bayan yaƙin basasa wasu sun dawo, amma kwalta da tirela suka ƙwace wa dogo kaya, sakaci ya ƙarasa sauran. A 2021 an ƙaddamar da aikin gyaran layin daga Fatakwal zuwa Maiduguri. Da na ambata wa dattijon wannan, dariya kawai ya yi, ya gyara zaman hularsa.

Kuzar da ta jawo dogo ita ce ta tono abin da ya kai sunan wannan ƙasa gidajen tarihin duniya. A 1928, a wani ramin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Ham, aka tsinci wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu. Baturen da ke da ramin, Kanar Dent Young, ya kai shi Jos aka ajiye, aka manta. Wajen 1943 kuma, lokacin da yaƙin duniya ya sa ana kamo mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa ana tura su haƙar kuza, wani ma'aikaci ya tsinci wani kan, babba, a rami kusa da Jama'a. Ya duba ya ga ya yi kama da mutum, sai ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa a kan sanda ya zama mutum-mutumi. Shekara guda kan yana gadin doya, rana da ruwa suna dukansa, kafin shugaban ramin ya gan shi ya kai wa wani matashin jami'in mulki a Jos mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanci ilimin tonon kayan tarihi a Ingila. Fagg ya ajiye shi kusa da na 1928, ya ga hannu ɗaya ne, ko dai makaranta ɗaya. Ya bi ramukan kuza yana roƙon lebura su daina fasa abin da suka tono. Da kayan suka taru, ya laƙaba musu sunan ƙauyen da aka fara samun su, kuma su ne ginshiƙin gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗaya daga cikin waɗannan kawuna ba ya mantawa da idanun. Kusurwa uku ne, an huda ƙwayar da rami, sai ka ga kamar daga cikin duhu ake kallonka. Kan ya yi wa jikin girma. Ga kitso iri-iri, tukkaye da doka da zanen da ko yau mai kitso za ta yi alfahari da shi, ga tsakiya da duwatsun wuya jibge. Ba sassaƙa su aka yi daga dunƙulen laka ba. Ginin tukunya aka yi musu, ana naɗa yumɓu zobe bisa zobe, cikinsu rami, ramukan ido da hanci da baki kuma suna barin zafi ya fita kada su fashe a wuta. Masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, waɗanda suka fara tono a yankin a 2005, sun nuna cewa waɗannan mutane sun fara zama a nan wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, sun fara gina mutum-mutumin wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, daga baya kuma suka iya narkar da tama, suna cikin na farko a Afirka ta Yamma. Gero suke nomawa, da wake, suna cin atili. A 2021 aka binciki ɓaraguzan tukwanensu aka samu kakin zuma a cikin kusan kashi ɗaya bisa uku. Shekara 3,500 da suka wuce, wani yana hawa bishiya da wuta a hannu yana korar ƙudan zuma a wannan daji.

Labarin ya yi daɗi har ya yi yawa. Da masu kuɗin Turai suka gane darajar kayan, sai aka shiga tono ba dare ba rana, musamman a shekarun 1990. Dillali ya zo da mota, ya ɗauki matasan ƙauye aiki, su bi gona da daji suna haƙa ramuka kamar masu neman gafiya, abin da ya fito a naɗe shi a buhu ya bi ta Kwatano ko Lome. Manomin da ya samu kuɗin buhun taki a kan abin da za a sayar da kuɗin gida a Faris, ban iya zaginsa ba. Amma kowane ramin da aka tona haka, shafi ne aka yage daga littafin da babu kwafinsa, don abin da ke ba masani labari shi ne inda kayan yake kwance da abin da ke kusa da shi. Har gwamnatin Faransa ta sayi irin waɗannan kaya a 1998 daga hannun wani dillali a Beljiyam, aka baje su a gidan tarihin Luba a 2000, duniya ta yi ca. A 2002 aka daidaita: Faransa ta amince kayan na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Ɗan Nok da ke son ganin mafi kyawun abin da aka tono a ƙasarsa, biza yake bukata.

Nakan kwatanta wannan da wasu tsibirai na ƙasar Girka da ake kira Sikiladis, a Tekun Ejiyan, waɗanda hotunansu ke yawo a waya: fararen gidaje a kan dutse, shuɗin teku a ƙasa, Santorini da Mikonos da Naksos. Kamannin ya fi yadda ake zato. Su ma ƙauyukansu da yawa ba don kyan gani aka ɗora su bisa tudu da lunguna masu murɗiya ba; tsoron 'yan fashin teku ne, masu kwasar mutane su sayar, kuma a 1537 Hairuddin Barbarosa, sarkin yaƙin ruwa na Daular Usmaniyya, ya bi tsibiran ɗaya bayan ɗaya. Su ma suna da 'yan mutum-mutumi na farin dutse da suka haura shekara 4,000, waɗanda aka wawashe daga kaburbura, musamman a tsibirin Keros a shekarun 1950, don kasuwar Turai da Amurka. Su ma talauci ya daɗe yana korar 'ya'yansu zuwa ci-rani, girgizar ƙasa ta 1956 kuma ta rushe Santorini. Yau Girka mai mutum kusan miliyan 10 tana karɓar baƙi sama da miliyan 30 a shekara, mafakar jiya ta zama ɗakin da ake biya da tsada a kwana. Ban ce dutsensu ya fi namu ba. Bambancin da na gani shi ne, a can abin da ya sa aka hau dutse ya wuce, ya zama labarin da jagora ke ba baƙo yana murmushi. A nan bai gama wucewa ba.

Ba zan daɗe a wannan sashe ba, don duk mai karanta jarida ya san shi. A watan Maris 1987 gardama kan wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta zama wuta, ta tsallaka Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 rikicin mayar da kasuwa a Zangon Katab ya ci rayuka masu yawa. A 1999 aka yi na naɗin Sarkin Jama'a, a 2011 na bayan zaɓe, wanda ya cinye kasuwar Kafanchan ya raba garin biyu, kowa ya san titin da ba ya ƙetarewa in dare ya yi. An yi ƙoƙarin kwance ƙullin: an ba Atyap da Bajju masarautunsu a 1995, gwamnatin Ahmed Makarfi ta ƙara wasu ciki har da ta Fantswam, a 2016 kuma al'ummomin yankin suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Sai ga wata sabuwar annoba daga daji, wadda ba ta tambayar addinin wanda za ta ɗauka. A Fabrairun 2017 aka sace Farfesa Breunig da wani abokin aikinsa a wurin tono kusa da Janjala, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu don ceto su. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma tonon ya tsaya. A Afrilun 2019 'yan bindiga suka afka wa gidan nan na dutse da ke Kajuru, wanda wani Bajamushe, Gerhard Huebner, ya gina a shekarun 1980 bisa fasalin fadojin ƙasarsu na da, da hasumiya da ramin kada. Suka kashe baƙi biyu, ɗan Najeriya da 'yar Birtaniya, masu aikin agaji da suka zo hutu daga Legas. Wurin da aka gina musamman don mai zuwa kallo, shi ma bai tsira ba.

Duk da haka akwai lokaci guda a shekara da ƙasar ke cika maƙil, kuma ba Turawa ke cika ta ba. Daga tsakiyar Disamba motoci ke fara kwararowa daga Abuja da Kaduna da Legas da Fatakwal: soja da ya samu hutu, malamar asibiti, ɗan kasuwa, ɗalibi, kowa da buhun shinkafa a but da yaran da ba su iya yaren kakarsu ba. Otal-otal ɗin Kafanchan ba a samun ɗaki. Ranar 1 ga Janairu kuma kowa ya nufi Kagoro don bikin Afan. Kalmar da harshensu dutse take nufi. A da biki ne na tsarkake dutsen bayan an gama girbi, a buɗe farauta. A zamanin Gwamna Awan aka tsayar da shi a ranar farko ta shekara, aka sa masa addu'ar coci a gaba. Mafarauta sukan sauko da baka da kwari da fatu a kafaɗa, ana busa ƙaho, ƙungiyoyin rawa na Agworok da na maƙwabta suna shigowa fili ɗaya bayan ɗaya, ƙura ta tashi ta haɗu da hazon hunturu har dutsen ya ɓace. A gefen fili kuwa, mai tsire da mai shayi da mai rake yawancinsu Hausawa ne, ana ciniki ana barkwanci da harshe ɗaya. Ham suna da nasu bikin, Tuk Ham, a Kwoi wajen Ista, Atyap da Bajju ma kowa da nasa. Masu ƙarfin gwiwa sukan hau dutsen da ƙafa, inda har yau akwai mutanen da ba su sauko ba, su tsaya a ƙoli su hango Kafanchan shimfiɗe, da layin dogo ya ratsa ta kamar tsohon tabo.

Washegarin wani Afan na je tasha neman motar Kaduna. But ɗin kowace mota a buɗe, ana cusa tsaraba: acca a ƙullin leda, busasshiyar citta, doya, man atili a gorar ruwa. Cittar ta yi tsada a shekarar, in ji masu saye, tun da cutar nan ta 2023 ta cinye gonakin Kachia da Jaba da Kagarko ba ta dawo daidai ba. Wata tsohuwa na zaune a gindin mangwaro da kwalabe shida na zuma, baƙi ƙirin, da ɗan kaki yana yawo a sama. Na ɗaga ɗaya na duba a rana.

“Mama, ba a sa masa sukari ba?”

Ta karɓe kwalbar daga hannuna, ta buɗe, ta tsoma tsinke ta miƙo mini.

“Ɗanɗana, ɗana. Daga bayan dutse aka kawo shi jiya.”

Na sayi biyu. Kwandasta na ta buga jikin mota yana kiran saura mutum ɗaya.